Manhaja Tun Tana Ɗanyen Yumɓu

Duk wanda ya juya bayan naira ashirin ya ga Ladi Kwali tana ginin tukunya. Mutanen Suleja kam ba sai sun duba kuɗi ba, don a garinsu ta yi aikinta, tun ana ce masa Abuja. To, abin da kowace maginiya ta sani shi ne, muddin tulu yana ɗanye, gyara ba ya cin komai. Wuya ya yi ƙunci? A jiƙa hannu a buɗa shi. Amma da zarar ya shiga wuta, sai dai a fasa.

Masu ƙera manhajar waya ma suna da nasu ɗanyen yumɓun, wato takarda da biro. Kafin a ɗauki injiniya ya kwashe watanni yana aiki, sai a zana fuskokin manhajar a 'yan takardu, akwati nan, maɓalli can, babu launi babu ado. A je kasuwar IBB a samu mai sayar da atamfa, a ce mata: "Hajiya, ga wayarki nan, ki tura wa ɗanki dubu biyar." In ta taɓa maɓallin da aka zana, wani ya cire takardar ya ajiye ta gaba, shi ne kwamfutar ke nan. Mai zanen kuma ya ja bakinsa ya yi shiru, wanda shi ne ya fi komai wuya. Yatsanta ake kallo. Inda ya tsaya yana shawagi, nan wuyan tulun ya matse.

Kuma munin takardar da gangan ne. Mu mutane ne masu kara. Ka nuna wa Bahaushiya abu mai ƙyalli da aka sha wahala a kansa, za ta ce masha Allah, ya yi kyau, ta koma gida ta kira jikanta ya tura mata kuɗin. Amma ƙazamin zane a takarda, wa zai ji nauyinsa? Nan take za ta ce wannan akwatin bai da amfani. Ba a ma buƙatar taron jama'a: Jakob Nielsen, masani a fannin, ya nuna cewa mutum biyar kan tono mafi yawan matsalolin. A gyara, a nemo wasu biyar ɗin.

Sai kuma masu gida, waɗanda suka zuba kuɗi, da manaja, da lauyan kamfani. Su ma a kai musu ɗanyen tulun, don su ne suka san abin da Babban Banki zai yarda da shi da abin da aljihu zai ɗauka. Sai dai idonsu ya fi zuwa kan zanen ƙadangare da kifi da ke jikin tulu, alhali mai ɗiban ruwa gindinsa take dubawa, ko zai zauna.

A nan Suleja ma an ga haka. Michael Cardew, Baturen Ingila, ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954. Aka riƙa shafa wa tulunanta ruwan ƙyalli ana gasa su da wuta mai tsanani. Sun yi kyau ƙwarai, aka baje kolinsu a Landan, sunanta ya zaga duniya, kuma ta cancanta. Amma tulun ya ƙara nauyi, jikinsa ya toshe ba ya tsattsafo, don haka ba ya sanyaya ruwa. Ya tashi daga kayan aiki ya koma kayan ado na falo, matan Gwari kuwa suka ci gaba da saɓa tsohon tulunsu a kafaɗa zuwa rafi.