Wayar Hannu Da Ciwon Damuwar Maijego

A ƙasar Haɗeja, idan mace ta sauka lafiya gida yakan cika da murna. Ana shirin suna, ana dafa ruwan wanka, ana dama kunun kanwa. Kowa idonsa yana kan jariri. Amma ba kasafai ake tambayar maijego yadda take ji a zuciyarta ba. Alhali kuwa akwai wani ciwo da yake kama wasu mata bayan haihuwa, wanda ba a ganinsa a jiki. Likitoci suna kiransa ciwon damuwa na bayan haihuwa.

Yadda ake gane shi

Mata da yawa sukan ji ɓacin rai da saurin kuka a kwanakin farko na jego. Wannan yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Idan ya zarce mako biyu, to a lura. Maijego za ta riƙa kuka babu dalili. Barci ya gagare ta ko da jariri yana barci. Abinci ya fita daga ranta. Ta daina hira da mutane. Wata ma sai ta ji ba ta sha'awar ɗaukar ɗanta, ta riƙa ganin laifin kanta.

Wannan ba lalaci ba ne, ba kuma rashin godiya ba ne. Ciwo ne kamar hawan jini, yana kuma da magani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa, kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan haihuwa. Wato idan mata 20 suka haihu a ƙauye, mai yiwuwa ne 4 daga cikinsu suna fama a ɓoye. Idan aka bar ciwon, yana taɓa jariri ma, domin shayarwa da reno sukan yi rauni.

Su wa ya fi kamawa?

Ya fi kama wadda ta taɓa yin ciwon damuwa a da, da wadda ta sha wuyar naƙuda ko aka yi mata aiki. Haka nan wadda jaririnta ya rasu ko ya zo ba lafiya, da yarinya mai haihuwar fari, da wadda mijinta ya tafi ci-rani ya bar ta ba mai taimako. Rashin zaman lafiya a gida da rashin abin hannu suna ƙara haɗarin.

Mu mutanen bakin kogi muna da ƙarin dalili. A damunar 2022 ambaliya ta cinye gonaki da gidaje a Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Guri da Kirikasamma. Matar da ta haihu a irin wannan lokaci, ga asarar amfanin gona, ga hanyar asibiti ta yanke, tana cikin waɗanda ya kamata a fi sa wa ido.

Ina waya ta shigo?

A cikin babbar waya akwai abin da ake kira manhaja. Wani shiri ne da ake sakawa a waya don ya yi wani aiki na musamman. An yi wasu domin masu ciki da masu jego. Suna koyar da darasi da murya da hotuna. Suna tuna wa mace ranar awo da ranar rigakafi. Wasu suna yi mata tambayoyi 10 da likitoci suka tsara a birnin Edinbara a 1987, don a gane ko ciwon ya fara. Idan amsoshinta suka nuna haɗari, sai a haɗa ta da ma'aikaciyar lafiya. Amfanin haka shi ne a tari ciwon tun da ciki, kafin ya yi ƙarfi. Rigakafi ya fi magani.

An gwada wannan a wurare masu kama da namu. A ƙauyukan Rawalpindi ta ƙasar Pakistan, an koya wa ma'aikatan lafiya mata yadda za su zauna da mai ciki su taimake ta ta sauya tunanin da ke damun ta. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ciwon ya ragu ƙwarai. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki shirin. Daga baya aka saka darussan a manhaja mai magana, matan ƙauye suna kai wa 'yan'uwansu. A 2025 aka bayyana cewa wannan hanya ma ta yi aiki kamar ta farko.

A Afirka ta Kudu, gwamnati ta fara shirin MomConnect a 2014, mai aika saƙonnin lafiya kyauta ga masu ciki ko da a ƙaramar waya. A nan gida kuma, a Jihar Oyo, Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranci wani bincike da ya fito a 2019. Ungozomomin ƙananan asibitoci ne suka kula da matan, suna samun shawarar likitoci ta waya, mata da yawa kuma suka samu sauƙi.

A duk waɗannan wurare akwai mutum a bayan wayar. Waya ba ta warkarwa ita kaɗai. Aikinta shi ne ta kawo mai taimako kusa.

Abin da za mu iya yi tun yau

Ba sai da waya mai tsada ba. Ranar awo, mai ciki ta nemi lambar da za a kira a asibitin, a ajiye ta a wayar gida. Idan ba ta da waya, maigida ya riƙa ba ta tasa ta gaisa da mahaifiyarta da ƙawayenta. Wadda karatunta bai yi nisa ba tana iya aika saƙon murya ta WhatsApp. Da damuna a tabbata wayar tana da caji da kati, domin ita ce hanyar da ruwa ba ya yankewa. Kada a saka wata manhaja ko a sha maganin da aka gani a waya sai an tambayi ma'aikacin lafiya.

Maigida, kai ne na farko. Ka tambaye ta yadda ta kwana, ka saurare ta. Uwar miji da abokiyar zama su karɓi jariri ta samu ta runtsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Lokacin da ba a jira

Idan maijego ta fara maganar kashe kanta ko cutar da jariri, ko tana jin muryoyi, ko tana sambatu, kada a bar ta ita kaɗai. Kada a ɗaure ta, kada a doke ta. A yi mata addu'a, a kuma kai ta asibiti a ranar. Babban Asibitin Haɗeja yana kusa, akwai kuma asibitin masu larurar ƙwaƙwalwa a Kazaure idan likita ya tura.

Mai karatu, idan akwai maijego a gidanku ko a maƙwabta, karanta mata wannan shafi. Ka kuma tambaye ta yadda take ji. Allah ya raya abin da aka samu, ya ba uwa lafiyar shayarwa.