Kaso uku cikin goma da Amurka ke riƙewa daga ribar hannun jari

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da aka sakar wa naira mara ta nemi farashinta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 cikin abin da bai kai shekara guda ba. Duk mai ɗan abin ajiya ya ga dukiyarsa tana narkewa a hannunsa, don haka ba abin mamaki ba ne da ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa suka karkata zuwa ga manhajoji irin su Bamboo da Trove da Chaka, waɗanda ke ba mutum damar sayen hannun jarin kamfanonin Amurka daga wayarsa, ko da da dala goma ne. A zaurukan WhatsApp ana ta nuna wa juna hotunan riba, ana ambaton Apple da Microsoft kamar ana maganar rumfunan Kantin Kwari. Abin da ba kasafai ake ambata ba shi ne wani ɗan layi da ke fitowa a bayanin asusu duk lokacin da kamfani ya raba riba, wanda ke nuna an cire kusan sulusin kuɗin tun kafin su iso.

Wannan cirewa haraji ne na gwamnatin Amurka. Dokar harajin ƙasar ta ce duk baƙon da ba mazaunin Amurka ba, idan kamfanin Amurka ya biya shi rabon riba, a riƙe kashi 30 cikin 100 tun daga tushe. Dillalin da ke riƙe da hannun jarin a can shi ne ke cirewa ya miƙa wa hukumar tara haraji ta IRS, kuma ba a tambayar yawan abin da mutum ke samu a shekara, ba a duba ko ɗalibi ne ko attajiri. Mu ɗauki misali da Coca-Cola, wanda ya biya dala 1.94 a kan kowane hannun jari a shekarar 2024. Mai hannun jari 100 ya cancanci dala 194. Idan a Kano ko Zariya yake zaune, za a riƙe dala 58.20, ya karɓi 135.80. Idan kuma a Landan yake zaune, dala 29.10 kawai za a riƙe, ya tashi da 164.90. Jari ɗaya, kamfani ɗaya, rana ɗaya, amma abin da aka yanke wa na farko ninki biyu ne na abin da aka yanke wa na biyu.

Dalilin wannan bambanci shi ne yarjejeniyar kauce wa biyan haraji sau biyu. Amurka ta ƙulla irinta da ƙasashe fiye da sittin, kuma a mafi yawansu an sauko da kason zuwa kashi 15, kamar yadda yake ga mazauna Birtaniya da Jamus da Kanada. Mazauna China kashi 10 suke biya, na Indiya kashi 25. A duk faɗin Afirka ƙasashe huɗu ne kacal ke da wannan yarjejeniya da Amurka: Masar, Maroko, Tunisiya da Afirka ta Kudu. Babu Nijeriya, babu Nijar, babu Gana ko Kamaru. Haka nan Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ba su da ita, don haka ɗan'uwanmu da ke aiki a Jidda ko Dubai shi ma kashi 30 ɗin ake yanke masa.

A nan ne ake yawan samun ruɗani game da fom ɗin W-8BEN, wanda kowa ke cikewa a lokacin buɗe asusu. Da yawa sun karanta a intanet cewa wannan fom yana rage haraji zuwa kashi 15, ba su lura cewa waɗanda suka rubuta hakan Turawan Birtaniya ne ke magana da 'yan'uwansu ba. Ga mazaunin Nijeriya, aikin fom ɗin shi ne tabbatar da cewa shi ba Ba'amurke ba ne. Yana da amfani, domin in babu shi dillali na iya riƙe kashi 24 daga kuɗin da aka samu a sayar da hannun jarin kansa, kuma yana ƙarewa a ƙarshen shekara ta uku bayan wadda aka sa masa hannu, sai an sabunta. Amma ba ya rage ko kwabo daga kashi 30. Abin da ake dubawa kuma wurin zama ne na haraji, ba launin fasfo ba. Likita ɗan Nijeriya da ke aiki a Manchesta yana cin moriyar yarjejeniyar Birtaniya. Ranar da ya tattara ya dawo gida, moriyar ta ƙare, kuma wajibi ne ya sanar da dillalinsa. Masu tunanin ara adireshin wani ɗan'uwa da ke Turai su sani cewa a ƙarƙashin rantsuwa ake sa hannu a fom ɗin, kuma ƙarya a cikinsa laifi ne.

Shin ana iya dawo da kuɗin? A mafi yawan lokuta, a'a. A wajen Amurka, kashi 30 ɗin shi ne cikakken harajin da ake bin baƙo, ba ajiya ba ce da za a yi lissafi a mayar da rara a ƙarshen shekara. Takardar 1042-S da dillali ke bayarwa a watan Maris shaida ce kawai ta abin da aka biya da abin da aka riƙe. A gida kuwa, dokar harajin ɗaiɗaikun mutane da aka daɗe ana aiki da ita a baya ta yafe haraji a kan ribar da aka samo a waje, muddin an shigo da ita da kuɗin ƙetare ta bankin da gwamnati ta amince da shi. Wannan sauƙi ne, sai dai yana nufin babu wani harajin gida da za a zabge na Amurka daga cikinsa. Abin da ya tafi ya tafi ke nan. Da yake sabbin dokokin haraji da aka sa wa hannu a watan Yunin 2025 sun sauya abubuwa da dama, mai jari mai kauri ya kamata ya zauna da masanin haraji kafin ya shigo da kuɗinsa.

Wani zai ce dala hamsin da takwas ba ta isa a ɗaga murya ba. A shekara guda, haka ne. Amma wanda ya zuba dala 10,000 a kamfanonin da ke raba ribar kashi 4 a shekara, abin da ke shiga hannunsa kashi 2.8 ne. Idan yana mayar da ribar cikin jari har shekara 20, ko da farashin hannun jarin bai motsa ba, da babu harajin zai tara kimanin dala 21,900. Da harajin kuwa zai tsaya a wajen 17,400. Tazarar ta kai kusan rabin uwar kuɗin da ya fara da su. Masu tallar abin da suke kira samun kuɗi kana barci, waɗanda ke jera kamfanoni masu raba riba mai tsoka, alƙaluman Amurkawa suke kwafowa, kuma da wuya su gaya wa mai sauraro a Kaduna cewa lissafinsa daban ne.

Akwai wata ƙa'ida da ta fi kowace muhimmanci, kuma ita ce aka fi jahilta: harajin yana bin ƙasar da aka yi wa kamfani rajista, ba kasuwar da aka saye shi ba. Mutum zai iya sayen Nestlé ta hannun dillalin Amurka da dala, amma kamfanin na Switzaland ne, kuma Switzaland kashi 35 take riƙewa. Jamus tana riƙe kashi 26.375. Jumia, da mutane da yawa ke ɗauka kamfanin Legas ne, a Jamus aka yi masa rajista duk da cewa a kasuwar New York ake cinikinsa tun 2019. Ba ya raba riba, amma ranar da zai fara, dokar Jamus ce za ta hau kansa. A ɗaya ɓangaren, Birtaniya ba ta riƙe komai daga ribar kamfanoninta na yau da kullum, don haka mai hannun jari a Unilever ko Shell yana karɓar rabonsa ba tare da wannan yanka ba. Kanada tana riƙe kashi 25, amma tana da yarjejeniya da Nijeriya wadda ta sauko da shi zuwa 15 ga ƙaramin mai jari.

Daga nan hanyoyin rage asarar suke fitowa, kuma dukkansu halal ne a doka. Amurka ba ta karɓar haraji daga baƙo a kan ribar da ya samu ta hanyar sayar da hannun jarin da ya yi tsada, matuƙar ba zaman ƙasar yake yi ba. Kamfanoni irin su Amazon da Berkshire Hathaway, waɗanda ba sa raba riba sai dai su mayar da ita cikin kasuwanci, ba sa jawo wa mai su wannan haraji. Wannan ba dalili ba ne na sayen kamfani maras kyau, domin gudun haraji bai taɓa mayar da mugun ciniki mai kyau ba. Amma idan kamfanoni biyu sun yi kunnen doki a wajen inganci, mazaunin Nijeriya yana da hujjar fifita wanda ke riƙe ribarsa.

Hanya ta biyu ita ce asusun haɗaka da ake kira ETF, wanda ke tattara kamfanoni da yawa a kwando ɗaya. Wanda aka yi wa rajista a Amurka, kashi 30 ake yanka daga ribar kamfanonin da ya raba. Wanda aka yi wa rajista a Ailan kuwa yana biyan kashi 15 ne a kan ribar kamfanonin Amurka da ke cikinsa, albarkacin yarjejeniyar ƙasashen biyu, kuma Ailan ba ta ƙara riƙe komai daga baƙo. Wannan ya shafi masu neman jarin da ya dace da shari'ar Musulunci kai tsaye. SPUS da HLAL, waɗanda suka fi shahara a tsakanin matasanmu, dukkansu a Amurka suke da rajista, alhali iShares yana da asusun haɗaka na Musulunci da ke da rajista a Ailan, ana cinikinsu a kasuwar Landan. Matsalar ita ce manhajojin da suka fi yaɗuwa a nan kasuwar Amurka suka fi buɗe wa mutane ƙofa, sai wanda ya iya buɗe asusu da babban dillali na ƙasa da ƙasa ne ke kai wa ga na Landan. Ya kamata a auna kuɗin hidima da na canji kafin a yi ƙaura, don kada a guje wa kura a faɗa bakin zaki.

Na sha jin ana cewa gwamnati ta je ta ƙulla yarjejeniya da Amurka a huta. Ban ga alamar hakan zai zo da wuri ba, kuma ban tabbata riba ce ga baitulmali ba. Yarjejeniya hanya ce mai zuwa da dawowa. Jarin Amurkawa da ke Nijeriya, musamman a harkar mai, ya ninka na ɗaiɗaikun 'yan Nijeriya da ke Amurka nesa ba kusa ba, kuma duk sassaucin da aka yi mana a can sai mun yi makamancinsa a nan, inda harajin rabon riba kashi 10 ne kawai tun asali. Ƙasar da ke karɓar jari ita ce ta fi yin asara a irin wannan ciniki. Abin da ke hannunmu ya fi wannan sauƙi. Hukumar kula da kasuwar hannun jari ta SEC, wadda ta ja kunnen waɗannan manhajoji a watan Afrilun 2021 sannan ta fara ba su lasisi, tana da ikon tilasta musu nuna ribar da za ta rage bayan haraji a gefen wadda kamfani ya sanar, da harshen da mai saye zai fahimta, kafin ya danna maɓallin saye. Bayanin da aka binne a shafi na talatin na sharuɗɗa da Turancin lauyoyi bai cika sunan sanarwa ba.

Sai kuma batun da ya fi kashi 30 nauyi, wato harajin gado. Idan baƙo ya rasu ya bar kadarar da doka ke ɗauka tana cikin Amurka, kuma hannun jarin kamfanonin Amurka yana cikinta ko a ina mai shi yake zaune, dala 60,000 na farko kawai aka yafe. Abin da ya haura nan ana yanka masa haraji mai hawa-hawa har zuwa kashi 40 cikin 100. Ba'amurke kuwa an yafe masa kusan dala miliyan 14 a shekarar 2025. Magada suna da wata tara su shigar da fom ɗin 706-NA, kuma dillali na iya ƙin sakin dukiyar har sai ya ga takardar izini daga IRS. A al'ummar da ake son raba gado da wuri, inda marayu da matan mamaci ke jiran haƙƙinsu, wannan jinkiri kaɗai fitina ne, balle a ce babu wanda ya san da asusun sai wayar da aka kulle da yatsan mamacin. Asusun haɗaka mai rajista a Ailan ba ya shiga wannan lissafi, domin ba kadarar Amurka ba ne. Duk wanda jarinsa a kamfanonin Amurka ya doshi dala 60,000 ya kamata ya tambayi manhajarsa, a rubuce, da sunan wa aka ajiye hannun jarin a can, wane dillali ne ke riƙe da shi, da kuma takardun da za a nema daga magadansa, sannan ya ajiye amsar tare da wasiyyarsa.