Me Ya Sa Ake Son Labarin Masoyan da Suka Fara da Ƙiyayya?

A cikin littattafan soyayya na Turawa akwai wani zubin labari da ya ƙi tsufa. Saurayi da budurwa za su haɗu a shafukan farko, jininsu ya ƙi haɗuwa, su yi ta musayar baƙar magana, sai a ƙarshe a ɗaura musu aure. Mai karatu ya san inda za a dosa tun kafin ya buɗe littafin, amma hakan bai hana shi raba dare a kansa ba.

Da yawa daga cikinsu ana kafa su ne a Ingila ta tsakanin 1811 da 1820, lokacin da Sarki George III ya samu taɓin hankali, ɗansa ya riƙe masa gadon sarauta. Uwa a fagen ita ce Jane Austen, da littafinta Pride and Prejudice na 1813. Ita dai rayuwar zamaninta ta rubuta. Georgette Heyer ce ta zo a 1935 da Regency Buck, ta mayar da wancan zamani dandalin marubuta soyayyar tarihi.

Dalilin zaɓen zamanin a fili yake. A Ingila ta lokacin, dukiyar mace na komawa hannun mijinta da zarar an yi aure, kuma sai a 1882 doka ta ba matar aure cikakken iko da abin hannunta. Budurwar da ba ta da gado, aure ne kaɗai mafakarta. Elizabeth Bennet ta cikin littafin Austen su biyar ne mata a gidansu, babu namiji, kuma in mahaifinsu ya rasu gida da gona na wani ɗan'uwansa ne. Shi kuwa Darcy, jarumin littafin, fam 10,000 ke shigo masa a shekara. Duk da haka, ranar da ya zo neman aurenta yana yabon kansa, yana kushe danginta, sai ta dube shi ta ce a kai kasuwa. A gani na, daɗin yana nan. Ƙiyayyar ce ke ba macen damar buɗe baki. Yarinyar da aka horar ta sunkuyar da kai a gaban mai neman aure, in abokin gabarta ne ke tsaye a gabanta babu kunyar da za ta ji masa. Don haka su biyun suna ganin halin juna tsirara, kafin kowa ya fara ado da kalaman yaudara.

Sannan soyayyar ba ta faɗowa daga sama, sai an yi mata gumi. Darcy ya koma ya gyara halinsa, ya kashe kuɗinsa a ɓoye don rufa wa ƙanwar Elizabeth asiri bayan ta gudu da wani soja. Ita ma Elizabeth ta gane ta yanke masa hukunci ne da jita-jita. Kowa ya sauke girman kansa, kuma mai karatu ya shaida yadda aka yi.

Kasuwar tana nan da ranta. Littafin Julia Quinn na 2000, The Viscount Who Loved Me, a kan wannan zubi aka gina shi, kuma shi Netflix ya mayar zango na biyu na shirin Bridgerton a 2022. Masu karanta littattafanmu na soyayya ma ba baƙi ba ne a nan, don sun sha cin karo da amaryar auren dole da ta shiga ɗaki tana kuka, ta ƙare tana kishin mijin.

To amma akwai inda zubin ke ɓacewa. A The Flame and the Flower na Kathleen Woodiwiss, wanda ya fito a 1972 ya yi kasuwa sosai, fyaɗe jarumin ya fara yi wa jarumar, daga baya aka ce soyayya ta shiga. Wannan ba saɓani ba ne, zalunci ne aka yi masa kwalliya, kuma yawancin marubutan yau sun guje shi. Darcy girman kai ne laifinsa, bai taɓa ɗaga wa Elizabeth hannu ba, kuma da ta ce ba ta so, janyewa ya yi.

Wanda ke son ɗanɗana irin wannan labari, ya fara da na Austen. Na Woodiwiss kuwa, ba littafin da za a miƙa wa yarinya mai tasowa ba ne.