Na'urar Ciwon Baya "Mara Waya": Gaskiya da Ƙarin Gishiri

Na'urar zaburar da laka siririyar waya ce da likita ke zurawa cikin ƙashin baya, ta kwanta a jikin fatar da ta lulluɓe laka, tana sakin wutar lantarki kaɗan-kaɗan don ta dakushe saƙon ciwo kafin ya kai ƙwaƙwalwa. Dabarar ba sabuwa ba ce: Norman Shealy ya fara dasa ta a Amurka a 1967, bisa nazarin Melzack da Wall na 1965.

Sunan "mara waya" ne ya fi ruɗar mutane, har wasu ke ɗauka babu abin da ake sa wa a jiki. Wayar tana nan a bayan majiyyaci. Abin da aka fitar shi ne batirin da aka saba binnewa ƙarƙashin fata a saman ɗuwawu. A samfurori irin na kamfanonin Nalu da Stimwave, wutar tana fitowa daga ɗan faifai ko akwati da ake maƙalawa a fata ko a ɗamara. Da an cire shi, aiki ya tsaya. Ke nan batun cewa ana iya sarrafa mutum ko bin sawunsa daga nesa tatsuniya ce.

Gaskiya ne an huta da tiyatar canjin batir. Amma wayar kan goce daga mazauninta, wurin kan kama ƙwayar cuta, wani lokaci sai an sake buɗewa.

Cewa tana warkar da ciwon baya kuwa, nan gizo ke saƙar. Ba ta gyara ƙashi ko jijiyar da aka danne. Akan yi gwajin kwanaki kamar bakwai, kuma sai ciwon ya ragu da rabi ake dasawa. Duk da haka, bitar ƙungiyar Cochrane ta 2023, wadda ta tattara bincike 13, ba ta samu hujjar amfani mai ɗorewa fiye da na'urar bogi ba. A wani gwaji da aka yi a Norway a 2022, majiyyata 50 ba su nuna bambanci ba tsakanin lokacin da aka kunna ta da lokacin da take kashe. Likitocin fannin na sukar yadda aka tsara gwajin, kuma akwai majiyyatan da ke shaidar samun sauƙi.

Zancen zamba ma yana da tushe. A 2024 kotu a New York ta yanke wa tsohuwar shugabar Stimwave, Laura Perryman, hukuncin ɗaurin shekara shida saboda sayar da wani yankin roba zalla da sunan mai karɓar saƙo, a na'urar jijiyoyin gefe, ba ta laka ba.