Kumfar Aski: Abin da Wanzami Ya Sani, Mu Muka Manta

A makonnin baya, ina kewaya zauren jarrabawa, sai idona ya riƙa sauka a kan ƙeyar samarin da suka duƙufa suna rubutu. Da wuya in wuce layi ɗaya ban ga ƙeya ko wuyan da ƙurajen aski suka yi wa kaca-kaca ba. Abin bai zame mini baƙo ba, domin ni ma na shafe shekaru ina fama da su, ina ɗora laifi a kan reza, ina sauya mai bayan mai. Sai daga baya na gane cewa matsalata tana farawa tun kafin ƙarfe ya taɓa fata, wato wajen haɗa kumfa.

Wani zai ce batun bai kai a ɓata masa tawada ba. To amma gashin baƙar fata a nannaɗe yake fitowa. Idan aka yanke shi a bushe, reza tana fizgar sa kafin ta yanke, ta bar masa baki mai tsini, sannan ya lanƙwaso ya soki fata kamar ƙaya. Daga nan sai ƙurji, sai baƙin tabo, wani ma tabon ya kumbura ya zauna har abada. Shekaru da dama likitocin rundunar sojan Amurka sun riƙa ba wasu sojoji, akasarinsu baƙaƙen fata, takardar uzurin barin aski saboda wannan larura. Mu ma muna da sojoji da 'yan sanda da aikinsu ya wajabta musu aski kullum, ga masu tsayar da gemu da ke gyara wuya da kumatu, ga masu askin ƙwal-kwabo. Kowa da rabonsa a maganar.

Wanzamin da ke yi wa mahaifina aski bai taɓa shiga ajin kimiyya ba, amma ba ya zaro aska daga zabira sai ya jiƙa kai sharkaf, ya goga sabulu, ya yi ta murzawa da tafin hannu ana hira. Muna yara mun ɗauka surutu ne ke ɓata masa lokaci. Ashe jira yake gashi ya sha ruwa. Gashin da ya jiƙu na minti biyu zuwa uku yakan kumbura ya yi laushi, ƙarfin da ake buƙata wajen yanke shi ya ragu ƙwarai. Wannan jira shi ne abin da zamani ya raba mu da shi. A 1904 King Camp Gillette ya sami haƙƙin mallakar rezarsa mai bakin da ake sauyawa, aski ya koma hannun kowa a ɗakinsa. A 1949 aka fara sayar da kumfar gwangwani a Amurka, wadda ake fesawa ta fito a shirye. Kowane mataki ya rage lokaci, har muka wayi gari mutum na shafa ruwa sau ɗaya ya dirar wa fuskarsa. Sauri kuwa ya haifi nawa.

Aikin kumfa biyu ne: ta riƙe ruwa a jikin gashi har a gama, ta kuma shimfiɗa santsi tsakanin ƙarfe da fata. Saboda haka tudunta ba shi ne ma'aunin kyanta ba. Kumfar da ta tashi fil kamar ta garin sabulun wanki iska ce zalla, kafin ka gama kunci ɗaya ta ɗayan ta bushe. Wadda ake nema ita ce mai kauri da sheƙi kamar kindirmo, wadda ido ba ya iya rarrabe ƙwayoyinta, in ka murza ta tsakanin yatsu biyu ka ji suna zamewa.

Sabulun wanka ba ya bayar da irin wannan, domin don wanke dauɗa aka yi shi, kumfarsa ta tashi da wuri ta mutu da wuri. Sabulun aski kuwa ana cika shi da sinadarin sitiyarik, wanda ake samu a kitsen shanu da man kaɗanya, a dafa shi da haɗin fotashiyam da sodiyam domin ya narke da sauƙi, a bar masa gilisarin mai riƙe danshi. A kan wannan tsari ake yin sanannun sabulai irin su Arko na Turkiyya, da Tabac na Jamus, da Proraso na Italiya.

Ga yadda nake yi. Nakan fara wanke fuska da ruwan ɗumi in bar ta a jiƙe. In tsoma burushi a ruwa, in matse shi har ya daina ɗiga. Sai in yi ta juya shi a kan sabulu na kamar daƙiƙa 30, har bakin gashinsa ya ɗauki abu mai danƙo kamar kullu. A nan mafi yawan masu koyo ke kuskure: suna tsoron ƙarar da sabulu, su lakato kaɗan, su malala ruwa, su sami tsararo. Bayan haka nakan juya burushin a fuska ko a ɗan ƙoƙo, ina tsoma bakinsa kawai a ruwa, ɗigo bayan ɗigo, na tsawon minti ɗaya ko biyu. Idan kumfar ta yi dishi-dishi tana tsagewa, ƙishirwa take ji, a ƙara ruwa. Idan tana zuba tana manyan ƙwayoyi, ruwa ya yi yawa, a koma kan sabulu. Ƙara ruwa abu ne mai sauƙi, janye shi ne ba ya yiwuwa, kamar dai damun fura.

Sau da yawa mutum zai bi duk wannan ƙa'ida kumfa ta ƙi. Kafin ya zargi sabulu, ya binciki ruwansa. Ruwan rijiya da na burtsatse, musamman inda ƙasa ke da farar ƙasa kamar kewayen Kalambaina a Sakkwato, yakan ɗauko kalsiyam da magniziyam. Waɗannan suna kama sabulu su mayar da shi farin gutsattsari irin wanda ke manne wa bokiti. Maganin shi ne a ninka sabulun da ake ɗiba, ko a ajiye ruwan sama mai tsabta, domin rabin kofi ya isa aski guda. Da hunturu kuma iska na shanye kumfa nan take, sai a sassauta ta da ruwa, a riƙa shafa wa ɓangare ɗaya ana aske shi kafin a wuce gaba.

Sai a kula wajen sayen burushi. Da yawa daga masu araha da ake shigowa da su da gashin alade ake yin su, abin da ran akasarinmu ba zai kwanta da shi ba. Na zaren roba na zamani ya wadatar: ba ya buƙatar dogon jiƙo, yana bushewa da wuri, ba ya wari.

Ban ce kumfa kaɗai za ta kawar da ƙuraje ba. Dole a bi kwanciyar gashi, a daina jan fata don neman sulɓi, a sauya reza da zarar ta fara ja, kada kuma a yi tarayya da kowa a kanta, domin ciwon hanta da ƙanjamau suna bin jini. Wanda tabonsa ya fara kumbura ya ajiye reza ya ga likitan fata.

Abin da ke ba ni takaici shi ne, kitse yana mahautarmu, kaɗanya tana dajinmu, matanmu sun gaji dafa sabulun salo da toka tun kaka da kakanni, amma sabulun aski sai an ƙetaro da shi teku. Ga aikin bincike a gaban ɗaliban sashen kimiyyar haɗa sinadarai na jami'o'inmu, ga kuma sana'a ga mai neman ta.

Kafin nan, shawarata ga samarin da na gani a zauren jarrabawa ita ce su ware wa fuskarsu minti biyar. Magabata sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Ni dai ƙarin da zan yi shi ne, in ka shafa ruwan, ka jira ya ratsa.