Haɗa Kaya a Ƙunshi Ɗaya: Riba da Haɗarinsa ga Masu Sayarwa Ƙasashen Waje ta Intanet

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa kai ƙunshin kaya gidan waya domin aikawa wata ƙasa ya san cewa ba kasafai farashin kaya ke korar mai saye ba, kuɗin aikawa ne ke korarsa. Sau da yawa akan sami jakar fata ko littafi ko hula wadda kuɗinta bai kai abin da za a biya jirgin sama ya ɗauke ta zuwa Turai ko Amurka ba. Wannan ne ya sa masu saye daga ƙetare kan yawaita yi wa masu sayarwa a kasuwannin intanet tambaya guda, wato idan sun sayi abu biyu ko uku, ko za a haɗa musu su a ƙunshi ɗaya a rage musu kuɗin aikawa.

A da, amsar wannan tambaya ba ta bukatar dogon tunani. Amma sauye-sauyen da aka yi wa dokokin kwastan a Birtaniya da Tarayyar Turai a 2021, da kuma a Amurka a 2025, sun sa haɗa kaya ya zama lissafin da tilas mai sayarwa ya yi shi da alƙalami kafin ya ce ya yarda. Wanda ya yi shi daidai yakan sami ciniki mai yawa da abokin ciniki mai dawowa. Wanda kuwa ya yi shi da ka, yana iya rasa kayansa da kuɗinsa da kuma sunansa a kasuwa gaba ɗaya.

Dabarar ita kanta ba sabuwa ba ce. 'Yan kasuwar Legas da Anaca da Kano da ke saro kaya daga Sin sun daɗe suna haɗa kayansu a kwantena ɗaya, kowa ya biya gwargwadon wurin da kayansa suka ci. Abin da ya sauya shi ne, tun daga kafa kasuwar eBay a Amurka a 1995, da kuma Etsy wadda aka buɗe a birnin New York a 2005 domin masu sana'ar hannu, mutum ɗaya daga shagonsa ko ɗakinsa yana iya sayar wa wani da ke wata nahiya abu ɗaya tak, sa'an nan ya aika masa ta gidan waya ko ta kamfanin jigila.

Dalilin da ya sa haɗawa ke da araha a fili yake. Kaso mai tsoka na kuɗin da ake biya kan ƙunshi ba na nauyinsa ba ne, na hidimar da ake yi masa ne, wato karɓarsa da rubuta shi da tantance shi a kwastan da kai shi ƙofar gidan mai shi. Wannan hidima sau ɗaya ake yin ta, ko abu ɗaya ne a cikin kwalin ko biyar. Saboda haka rabin kilo na farko shi ne mafi tsada, abin da ya biyo baya kuwa sai ya riƙa sauƙi. Bugu da ƙari, kasuwannin suna cire kamashonsu ne daga jimlar abin da mai saye ya biya, har da kuɗin aikawa. Etsy, alal misali, ta ɗaga nata zuwa kashi 6.5 cikin ɗari a watan Afrilun 2022, ita kuma eBay, ban da kason da take cirewa, tana karɓar wani ɗan ƙayyadadden kuɗi a kan kowace oda. Ke nan oda ɗaya mai kaya uku ta fi wa mai sayarwa sauƙi bisa oda uku masu kaya ɗai-ɗai.

Kasuwannin sun tanadi hanyoyin yin wannan. A Etsy, mai sayarwa yakan rubuta farashin aikawa iri biyu ga kowace ƙasa: na abu na farko, da na kowane abin da aka ƙara a kansa. A eBay kuwa yana iya kafa ƙa'ida tun farko, ko dai a rage wani adadi a kan kowane ƙarin abu, ko kuma a haɗa nauyin kayan duka a fitar da kuɗi ɗaya. Inda ba a kafa ƙa'ida ba, mai saye yakan tara kayan a kwandon sayayya ya nemi a aiko masa da jimla, shi kuma mai sayarwa ya auna, ya aika masa da sabuwar takardar lissafi kafin a biya. Idan kuwa an riga an biya kowanne daban, abin da ya rage shi ne a mayar wa mai saye rarar kuɗinsa ta cikin kasuwar, ba ta wata hanya ta gefe ba, domin ya zama akwai shaida a rubuce.

To sai dai akwai iyakoki huɗu da ke iya mayar da ribar haɗawa ta zama asara. Ta farko ita ce ta nauyi. A ƙa'idar Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya, wadda aka kafa a birnin Bern na ƙasar Suwizalan a 1874, kuma take da ƙasashe 192 a cikinta, ƙaramin ƙunshi, wanda ke tafiya tare da wasiƙu a farashi mai rahusa, ba ya wuce kilo 2. Da zarar ya haura haka ko da kaɗan ne, ya koma ajin manyan ƙunshi masu farashi daban. A ɗauka cewa mai saye ya zaɓi takalman fata ƙafa uku, kowace ƙafa giram 700. Jimlarsu kilo 2.1 ke nan tun kafin a sa nauyin kwali. A irin wannan hali, raba su gida biyu yana iya fin haɗa su araha, kuma sikeli da jadawalin farashi ne kaɗai za su raba gardama.

Iyaka ta biyu ita ce ta girma. Kamfanonin jigila na gaggawa irin su DHL da FedEx da UPS ba nauyin sikeli kaɗai suke dubawa ba, suna kuma duba wurin da kwali zai ci a cikin jirgi. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi da santimita, su raba da 5,000, sa'an nan su caji wanda ya fi yawa tsakanin wannan awo da na sikeli. Kwali mai santimita 40 da 30 da 20 yana ba da kilo 4.8 a wannan lissafi, ko da kuwa malafa ko kwandunan saƙa ne a ciki waɗanda ba su kai kilo biyu ba. Mai sayarwar da ya yi wa abokin cinikinsa alkawarin rangwame bisa nauyin sikeli, sai ya je ofishin kamfani zai tarar cewa ya sayar da iska da kuɗin aljihunsa.

Iyaka ta uku, wadda ta fi sauran jawo rigima, ita ce ta darajar kaya a wurin kwastan. Tun daga ranar 1 ga watan Janairu, 2021, Birtaniya ta ɗora wa kasuwannin intanet alhakin karɓar harajin VAT, wanda a kan galibin kaya kashi 20 cikin ɗari ne, a lokacin ciniki, matuƙar darajar ƙunshin ba ta wuce fam 135 ba. Abin da ya haura haka kuwa a bakin iyaka ake karɓar harajinsa, tare da kuɗin fito idan kayan na da shi, da kuma ladan kamfanin da ya yi hidimar tantancewa. Haka nan daga ranar 1 ga watan Yuli na wannan shekara ta 2021, Tarayyar Turai ta soke rangwamen VAT da take yi wa kayan da ba su kai yuro 22 ba, ta kuma kafa tsarin IOSS na karɓar haraji a lokacin ciniki a kan ƙunshin da bai wuce yuro 150 ba.

Abin lura a nan shi ne, ƙunshi ake aunawa, ba abu ɗaya-ɗaya ba. Idan wani mazaunin Birtaniya ya sayi jakunkuna biyu a ranaku daban-daban, kowace fam 80, kasuwa ta riga ta karɓi harajin kowace. Idan mai sayarwa, da niyyar kyautatawa, ya zuba su a kwali ɗaya, darajar ƙunshin ta zama fam 160, ta ƙetare iyaka. Jami'an kwastan suna iya sake neman haraji, mai saye ya ga an ce ya biya abin da ya riga ya biya. Wasu kan biya su rubuta wa mai sayarwa mummunar shaida a shafinsa, wasu kuwa su ƙi karɓar kayan ƙememe, a dawo da su bayan makonni. Garin neman gira ke nan a rasa ido.

Iyaka ta huɗu ita ce ta irin kayan da ke ciki. Abu ɗaya da aka hana yana iya jawo a tsare ƙunshi duka. Turare mai sinadarin barasa yana cikin kayan da ke iya kama wuta, batirin litiyam kuma yana da nasa sharuɗɗan a jiragen sama. Tarayyar Turai ba ta yarda a aika wa ɗaiɗaikun mutane nama daga ƙasashe irin Nijeriya ba, saboda haka ƙullin kilishi da aka cusa a matsayin gyara yana iya halaka jakar da aka yi wata guda ana ɗinkawa. Kazalika kayan da aka yi da fatar mesa ko ta kada suna bukatar takardar izini a ƙarƙashin yarjejeniyar CITES ta 1973 mai kare namun daji. Har ila yau, daga watan Satumban 2025 Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta wajabta rubuta lambar kwastan mai alƙaluma shida ga kayan ciniki, wanda ke nufin jaka da takalmi da hula kowanne da layinsa da lambarsa da darajarsa a takardar CN22 ko CN23.

A ɓangaren Amurka kuwa, lissafin ya juye ne baki ɗaya. Daga 2016 ƙasar tana barin ƙunshin da bai wuce dala 800 ba ya shiga ba tare da kuɗin fito ba, abin da ya sa masu sayarwa ke kula kada haɗawa ta ƙetare wannan adadi. Gwamnatin Shugaba Donald Trump ta janye wannan rangwame ga kayan Sin da Hong Kong a ranar 2 ga watan Mayu, 2025, sa'an nan ga dukan ƙasashe a ranar 29 ga watan Agusta. Ƙungiyar Gidajen Waya ta Duniya ta bayyana cewa a wannan rana kayan da ke shiga Amurka ta gidan waya sun ragu da fiye da kashi 80 cikin ɗari idan aka kwatanta da mako guda kafin nan, kuma hukumomin gidan waya 88 sun dakatar da aikawa, ko dai baki ɗaya ko wani sashe. A nan gida, hukumar NIPOST ta sanar a lokacin cewa duk ƙunshin da za a aika Amurka, in ban da wasiƙu da takardu, sai an biya masa dala 80 ko kwatankwacinta da naira. Wannan ƙayyadadden kuɗi, wanda umarnin Amurka ya tanada na tsawon wata shida, ya nuna a sarari yadda haɗawa ke iya zama ceto: ƙunshi uku dala 240, ƙunshi ɗaya dala 80.

Ita ma Tarayyar Turai, wadda hukumarta ta ce ƙananan ƙunshi kimanin biliyan 4.6 ne suka shiga ƙasashenta a 2024, mafi yawansu daga Sin, ta ɗauki irin wannan hanya. A watan Disamban 2025 ƙasashen ƙungiyar suka amince da kuɗin fito na yuro 3 a kan ƙananan ƙunshi daga ranar 1 ga watan Yuli, 2026, wanda ake lissafawa bisa kowane nau'in kaya da ke cikin ƙunshi. A wannan tsari, haɗa kaya iri ɗaya yana da sauƙin da haɗa kaya iri-iri ba shi da shi.

Bayan kwastan, akwai batun shaida. Kasuwar intanet ba ta san abin da ke cikin kwali ba, lambar bin sawun kaya kaɗai ta sani. Idan an haɗa oda uku, wajibi ne a shigar da wannan lamba a kan kowace ɗaya daga cikinsu, in ba haka ba biyu za su kasance tamkar ba a aika su ba, kuma idan mai saye ya yi ƙorafi, kasuwa za ta mayar masa da kuɗinsa daga asusun mai sayarwa. A ƙa'idar eBay, cinikin da jimlarsa ta kai dala 750 yana bukatar sa hannun wanda ya karɓa kafin a kare mai sayarwa, adadin da kaya ɗai-ɗai ba za su kai ba amma haɗaɗɗu su kai. Haka kuma inda kaya ke bi ta cibiyar tattarawa, kamar yadda tsarin jigilar da eBay ta ƙaddamar a 2012 ya riƙa tara kayan Amurka a jihar Kentucky kafin a maye gurbinsa da wani a 2023, kowace oda da lambarta, kuma cusa oda biyu da aka biya daban a kwali ɗaya yana iya sa ɗayar ta ɓace daga lissafi. Dole ne kuma a tuna cewa idan ƙunshi ɗaya ya salwanta, dukan kayan ne suka tafi, don haka inshorarsa ta zama daidai da cikakkiyar darajarsa.

Wani tarko kuma shi ne roƙon da wasu masu saye kan yi cewa a rage darajar kaya a takarda, ko a rubuta cewa kyauta ce. Mai sayarwa ne ke sa hannu a takardar kwastan, shi ne kuma doka za ta tuhuma. Ko da ba a kama ba, idan kayan suka ɓace, diyyar ba za ta wuce abin da aka rubuta ba.

Saboda haka abin da ya kamaci duk mai sayarwa ƙetare shi ne ya bayyana ƙa'idarsa ta haɗa kaya a shafinsa tun kafin a tambaye shi, ya nemi mai saye ya dakata da biya har a ba shi jimla, ya ajiye sikeli da magwaji kusa da shi, ya kuma duba dokar ƙasar da kayan za su a ranar da zai aika, tun da dokokin nan sun sauya sau da dama cikin shekara biyar. Mai saye da aka gaya wa gaskiya tun farko, aka ce masa kayan nan biyu a haɗe za su zo, na ukun kuwa shi kaɗai zai taho kuma ga dalili, shi ne wanda zai sake dawowa shagon.