Kiɗa a Agadas, gyara a Amurka

A shekara ta 2008, lokacin da Mdou Moctar, makaɗin gita ɗan jihar Tawa, ya so ɗaukar waƙoƙinsa na farko, sai da ya ƙetara iyaka ya tafi Sakkwato. Daga can waƙoƙin suka bazu cikin hamada, daga salula zuwa salula ta hanyar Bluetooth, ba kuwa ko dala ɗaya da ta shiga aljihunsa. Wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya ji ɗaya daga cikinsu, ya sa ta cikin wani faifai a 2011, amma ya sha wahala kafin ya gano mai ita.

A 2020 wannan kamfani ya juya al'amarin. Kowane wata, wani makaɗi na Sahel ya kan ɗauki kiɗansa da wayar hannu, ya aika ta WhatsApp, a sa shi kasuwa a Bandcamp, kuɗin ciniki duka su koma ga mai kiɗan. Ƙungiyar Etran de l'Aïr ta Agadas ita ta buɗe fage, a watan Janairu. Babu tikitin jirgi, babu biza, babu hayar sitidiyo.

Sai dai kada a ɗauka cewa mai ganga na Yamai zai iya kaɗawa lokaci guda da mai gita na New York. Makaɗa sukan fara ɓata wa juna kari idan jinkirin sauti ya kai wajen kashi 30 cikin 1000 na daƙiƙa. Tsakanin biranen biyu kuwa akwai kusan kilomita 8000, haske cikin wayar gilashi yana cin kilomita 200 ne a kashi ɗaya: kashi 40 ke nan tun kafin a lissafa cinkoson hanya. Kayan aiki irin su Jamulus da JackTrip suna amfani ne ga waɗanda ba su yi nisa da juna ba. Don haka aikin na aike ne. Ɗaya ya ɗora murya, ɗaya ya ƙara ganga, na uku ya daidaita sauti. BandLab, wanda aka kafa a Singapur a 2015, yana ba da damar yin haka kyauta daga salula.

Ga wani tarko kuma da matasa ke yawan faɗawa: saƙon murya na WhatsApp yana matse sauti har ya rage masa kyau. Wanda ke son ingancin faifai dole ya aika da shi kamar takarda, minti ɗaya kuma yana cin wajen mega 10. Mai sayen kiredi da guminsa ya san nauyin wannan lissafi.

Babbar magana dai ita ce ta mallaka. Waƙar da mutum uku suka gina daga ƙasa uku, ta wa ce? Ɗan kasuwar Maradi ba ya sakin kaya zuwa Kano sai ya san da wa ya yi ciniki, amma makaɗi ya kan aika da muryarsa ga wanda bai taɓa gani ba, bisa alkawarin baki. Ofishin kare haƙƙin mawallafa na ƙasa, BNDA, yana rajistar ayyuka a Yamai. Rabon kowa kuwa, su makaɗan ne za su rubuta shi tsakaninsu, tun kafin saƙon farko ya tashi.